Filin Tambaya da Amsa: Fikilbol, Daga Tsakar Gida Zuwa Ƙofar Olamfik

A cikin wasiƙun da suka taru a wannan fili akwai da dama da ke tambaya a kan wasan da Amurkawa ke kira pickleball, wanda za mu riƙa rubutawa fikilbol. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, waɗanda muke ganin amsarsu za ta gamsar da sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo a Facebook inda dattawa huɗu ke buga wata ƙwallo mai huji da wani abu mai kama da allo, a fili mai raga a tsakiya. Shin tanis ne aka rage wa girma saboda tsofaffi, ko kuwa wasa ne mai zaman kansa?
*Wani malamin makaranta, Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wasa ne mai zaman kansa, da dokokinsa da alƙalansa, ko da yake ya ari fili daga badminton, ya ari allon bugu daga ƙwallon tebur, sannan ya ɗauki wani abu na tsarin tanis. An ƙirƙiro shi a shekarar 1965 a tsibirin Bainbridge da ke kusa da birnin Seattle a jihar Washington ta Amurka, inda wasu magidanta uku, Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, suka nemi abin da zai ɗebe wa iyalansu kewa a lokacin hutu. Suna da filin badminton amma kayan wasan ba su cika ba, sai suka ɗauko allunan ƙwallon tebur da wata ƙwallon roba mai huji, daga baya kuma suka sauke ragar ƙasa da suka ga ƙwallon tana tashi sosai idan ta doki daɓe. Shi Pritchard ɗan siyasa ne, ya zama ɗan majalisar wakilan Amurka, ya kuma yi mataimakin gwamnan jiharsa kafin rasuwarsa a 1997.

Filin yana da tsawon ƙafa 44 da faɗin ƙafa 20, wato kimanin mita 13.4 da mita 6.1, daidai da filin badminton na mutum biyu-biyu. Tsayin ragar inci 36 ne a gefe, 34 a tsakiya. Ƙwallon ba ta kai nauyin giram 30 ba, kuma hujin da ke jikinta, daga 26 zuwa 40, shi ke rage mata gudu a iska. Akan tashi wasa idan wani ɓangare ya kai maki 11 da ratar aƙalla biyu, kuma a tsarin gargajiya ɓangaren da ke da bugun farko ne kaɗai ke iya samun maki.

Dokoki biyu ne suka ba wasan kamanninsa, kuma duk wanda ya fahimce su ya fahimci dalilin da ya sa dattawan da ka gani ke iya karawa da jikokinsu. Ta farko ita ce dole ƙwallo ta dira ƙasa sau ɗaya a kowane ɓangare bayan bugun farko, kafin a halatta wa kowa ya tare ta a sama. Shi kansa bugun farkon daga ƙasan ƙugu ake yin sa, saboda haka mai ƙarfin damtse ba ya gama da abokin karawarsa tun a bugu ɗaya kamar yadda ake gani a tanis. Ta biyu ita ce akwai yanki mai zurfin ƙafa 7 a kowane gefen raga, wanda 'yan wasan ke kira kicin, kuma haramun ne mutum ya tsaya a cikinsa ya doki ƙwallon da ba ta taɓa ƙasa ba. Wannan ya hana dogon mutum ya maƙale a jikin raga yana rafka ƙwallo ƙasa, ya kuma mayar da rabin wasan zuwa gajerun bugu masu laushi, inda haƙuri da iya ajiye ƙwallo suka fi ƙarfi amfani.

Tambaya: Ɗana da ke karatu a Amurka ya ce mini babu wasan da ke bunƙasa a can kamar wannan, har ana rushe filayen tanis dominsa. Ina jin ya ƙara gishiri. Mene ne gaskiyar maganar?
*Wata uwa, Kaduna*

Amsa: Hajiya, a wannan karon yaron bai ƙara gishiri ba. Ƙungiyar masana'antun kayan wasanni da motsa jiki ta Amurka, SFIA, wadda ke fitar da ƙididdiga duk shekara, ta ce mutum miliyan 4.8 ne suka buga wasan a 2021, adadin ya kai miliyan 8.9 a 2022, ya kai miliyan 13.6 a 2023, sannan ya kai miliyan 19.8 a 2024. A duk waɗannan shekaru shi ta bayyana a matsayin wasan da ya fi kowane saurin bunƙasa a ƙasar. Hukumar tanis ta Amurka kuwa ta ƙiyasta masu buga tanis da miliyan 25.7 a 2024, wanda ke nuna cewa wasan da aka ƙirƙiro a 1965 ya fara hango ƙeyar wanda ya girme shi nesa ba kusa ba.

Sai dai a yi hattara da irin waɗannan alƙaluma, domin wanda ya riƙe allo sau ɗaya a shekara ma ana ƙirga shi, kuma wani binciken da wata ƙungiyar ƙwararrun wasan ta fitar a farkon 2023 ya ba da miliyan 36.5, fiye da ninki huɗu na abin da SFIA ta samu a kusan lokaci guda. Ya danganta da yadda aka yi tambayar, da kuma wanda ya biya kuɗin binciken.

Bunƙasar ba dare ɗaya ta zo ba. An yi gasar farko da aka sani a 1976 a garin Tukwila na jihar Washington, an kafa ƙungiyar wasan ta ƙasa a 1984 tare da littafin dokoki na farko, amma shekaru masu yawa wasan ya zauna ne a unguwannin 'yan fansho na jihohi masu ɗumi irin su Florida da Arizona. Gasar ƙasa ta farko a ƙarƙashin ƙungiyar, wadda aka yi a Buckeye ta jihar Arizona a 2009, 'yan wasa kimanin 400 ta tara. Abin da ya sauya lamarin shi ne annobar korona a 2020, lokacin da aka rufe wuraren motsa jiki, mutane suka shiga neman wasan da za a yi a waje ba tare da cuɗanya ba, wanda kuma za a iya shata filinsa da alli a ƙofar gida. Da aka buɗe gari, matasan da suka ɗanɗana ba su bari ba. Ƙari a kan haka, sabon shiga yakan iya yin wasa mai ma'ana tun a ranarsa ta farko, abin da mai koyon tanis kan shafe watanni bai samu ba.

Maganar filaye ma haka take. Ana iya fitar da filayen fikilbol huɗu a harabar filin tanis guda, wato mutum 16 a wurin da a da yake ɗaukar biyu ko huɗu, kuma hukumomin birane da masu kulob sun iya lissafi. Wannan ya jawo rigima da masu tanis, ya kuma jawo wata da maƙwabta, saboda ƙarar ƙwallon roba a kan allo tana da kaifi, tana kuma maimaituwa daga safe har dare, har wasu unguwanni sun kai ƙara kotu.

Tambaya: Mun ji cewa an buga wannan wasa a Gasar Wasannin Afirka da aka yi a Accra. Idan har ya shiga gasa irin wannan, me ya hana shi shiga Olamfik, alhali Amurka ce za ta karɓi baƙuncin ta 2028?
*Wani mai karatu, Kumasi*

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, an buga shi a Gasar Wasannin Afirka karo na 13, wadda ke ɗauke da sunan 2023 amma aka gudanar daga 8 zuwa 23 ga Maris na 2024. Abin lura shi ne a matsayin wasan nuni ya shiga, tare da wasu irinsa kamar sukurabul da wasannin kwamfuta, ma'ana an ba shi fili ya nuna kansa, amma sakamakonsa bai shiga teburin lambobin yabo da Masar ta jagoranta Najeriya na biye da ita ba. Duk da haka ba ƙaramin abu ba ne, domin kafin wata gasar nahiyoyi ta Turai ko ta Amurka ta buɗe masa ƙofa, Afirka ta buɗe. Akwai kuma gasar da ake kira Kofin Duniya na wasan, wadda aka fara a Lima babban birnin Peru a 2023 aka sake a can a 2024, sai dai masu zaman kansu ne suka kafa ta, ba wata hukumar da duniya ta yarda da ita ba.

Game da Olamfik, ya kamata a rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai amincewar Kwamitin Olamfik na Duniya da hukumar da ke kula da wani wasa, akwai kuma sanya wasan a jadawalin gasa. Na farko sharaɗi ne ga na biyu, amma ba ya tabbatar da shi. Tun bayan sauye-sauyen da kwamitin ya amince da su a ƙarshen 2014, birnin da ke karɓar baƙunci yana da damar gabatar da ƙarin wasanni na gasarsa kaɗai, kuma ta wannan ƙofa ce karate ya shiga a Tokyo. Amma birnin ba ya zaɓa sai daga cikin wasannin da kwamitin ya riga ya amince da hukumominsu. A watan Oktoba na 2023, a taron da aka yi a Mumbai ta Indiya, an amince wa Los Angeles ƙarin wasanni biyar: kurket, da sukwash, da lakuros, da besbol tare da takwaransa na mata, da kuma nau'in ƙwallon Amurka da ake fizge ƙyalle daga ƙugun ɗan wasa a maimakon kayar da shi. Fikilbol bai ma shiga layin ba, domin ba shi da hukumar da kwamitin ya sani.

A nan ne gizo ke saƙar. Kwamitin Olamfik hukuma ɗaya yake mu'amala da ita a kan kowane wasa, kamar yadda FIFA take ga ƙwallon ƙafa, fikilbol kuwa a 2023 ya wayi gari da uku. An kafa ta farko a 2010, ta biyu ta ɓullo a 2018, sannan a 2023 aka kafa ta uku, Global Pickleball Federation, wadda hukumar Amurka da ta Kanada ke ciki. Kowace tana da jerin ƙasashen da take kira mambobinta, kuma a wasu ƙasashen ƙungiyoyi biyu ne ke jayayya, kowace ta jingina da uwar ɗakinta ta waje. Indiya misali ce a fili: akwai ƙungiyar da ke aiki tun 2008, amma a 2025 ma'aikatar wasanni ta amince da wata sabuwa a matsayin hukumar ƙasa, maganar ta kai kotu. An yi ta yunƙurin haɗa hukumomin na duniya, har ta farko da ta biyu suka haɗe a 2025, kuma dole a ƙarshe duk su haɗu, tunda ba a sarki biyu a gari ɗaya. Amma kowace shekarar da aka ɓata a kan wa zai shugabanci wa, wasu wasannin ne ke cin ribarta.

Ko an haɗu, da sauran rina a kaba. Dole hukumar ta rattaba hannu a kan dokokin WADA, hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari, ta kuma nuna tana gwada 'yan wasa da gaske. Dole ta nuna cewa wasan ya yaɗu, kuma tsohon ma'aunin da kundin Olamfik ya daɗe yana amfani da shi, wanda har yau ake ambato, shi ne ƙasashe 75 a nahiyoyi huɗu ga maza, da ƙasashe 40 a nahiyoyi uku ga mata. Yaɗuwar da ake nufi ba ta takarda ba ce, inda mutum biyar za su yi rajistar ƙungiya a babban birni su kira ta hukumar ƙasa. Ana duba gasannin cikin gida, da alƙalai, da matasa masu tasowa. Wasan ya kama sosai a Kanada da Ostireliya, yana kuma bazuwa da sauri a Biyetnam da Malesiya da Indiya, amma manyan gwanayensa kusan duk a Amurka suke zaune suke wasa, kuma kwamitin ba ya sha'awar gasar da aka san ƙasar da za ta kwashe zinarenta tun kafin a fara. Sannan akwai ƙayyadadden adadin 'yan wasa, kimanin 10,500 a gasar bazara, wanda ya sa shigar wani kan zama ragin wani.

Tarihin sauran wasannin raket ya isa ya sanyaya gwiwar mai gaggawa. An nuna badminton a Munich a 1972, bai zama cikakken wasan Olamfik ba sai a 1992. Ƙwallon tebur sai a 1988 ta shiga, shekarar da tanis ya dawo bayan ficewarsa tun 1924. Sukwash, wanda Masar ta yi fice a cikinsa, an ƙi shi sau da dama a jere kafin a karɓe shi domin 2028. Shiga ma ba zama ba ne, domin karate da aka yi a Tokyo ba a gan shi a Paris ba. Bayan haka fikilbol yana da kishiya, wato fadel, wasan da aka ƙirƙiro a Acapulco ta Meziko a 1969, wanda ake yi a fili mai bangon gilashi; ya mamaye Sifaniya da Ajantina, yana da hukuma ɗaya tun 1991, an kuma raba lambobin yabo a kansa a Gasar Wasannin Turai ta 2023 a Poland. A ganina, idan ƙofa ɗaya ce za ta buɗe wa sabon wasan raket, fadel ya fi kusa da ita. Dama ta gaba ita ce Brisbane a 2032, kuma masu fikilbol na Ostireliya suna fata, amma ni ban ga alamar za a gama gyaran gida a kan lokaci ba. Abin da ya fi dacewa masu son wasan a Afirka su sa wa ido shi ne gasar nahiyar ta 2027 a Masar, ko zai tashi daga wasan nuni ya koma na lambar yabo.

Tambaya: Ina buga ƙwallon tebur, na kuma taɓa wakiltar makarantarmu. Shin ana cin abinci da wannan sabon wasa?
*Wani matashi, Jos*

Amsa: Ana ci, amma mutane kaɗan ne, kuma kusan duk a ƙasa ɗaya. An kafa manyan gasannin ƙwararru biyu, PPA da APP, a 2019, sannan a 2021 aka kafa gasar kulob-kulob ta Major League Pickleball, wadda taurari irin su LeBron James da Tom Brady da Kevin Durant suka zuba jari a cikinta. Fitattun 'yan wasan su ne Ben Johns a maza da Anna Leigh Waters a mata, ita kuma tana da shekara 12 ta zama ƙwararriya a 2019, tana wasan biyu-biyu tare da mahaifiyarta. Wasu 'yan tanis ma sun sauya sheƙa, kamar Jack Sock, wanda ya ci zinare a Olamfik ta Rio a 2016, da Eugenie Bouchard ta Kanada, wadda ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2014.

Kuɗin da ke ciki bai zauna daram ba tukuna. A 2023 PPA da gasar kulob-kulob sun yi rige-rigen sayen 'yan wasa da alƙawuran albashi masu tsoka, ba a jima ba aka dawo ana roƙon 'yan wasan su yarda a rage, kafin ɓangarorin biyu su haɗe a 2024. Tushen matsalar, a fahimtata, shi ne wasan ya fi daɗin bugawa a kan kallo, kuma miliyoyin da ke cika filaye da safe ba su ne ke zama gaban talabijin da yamma ba. Hannunka na ƙwallon tebur zai taimake ka ƙwarai a bakin raga, saboda haka ka gwada idan ka samu dama, amma kada ka ajiye wasan da ke da hukuma tsayayya, da gurbi a Olamfik, da hanyar da ɗan ƙwallon teburin Najeriya Aruna Quadri ya bi har ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Rio.

Tambaya: Makarantarmu tana da filin badminton na siminti da ba a cika amfani da shi ba saboda iska tana kwashe ƙwallon gashin. Za mu iya mayar da shi na wannan wasa, kuma me za mu tanada?
*Shugabar wata makarantar 'yan mata, Katsina*

Amsa: Ranki ya daɗe, kin riga kin mallaki abin da ya fi tsada. Layukan waje na filin badminton na biyu-biyu su ne layukan fikilbol, sai gyara biyu kawai. Za a sauke raga daga mita 1.55 zuwa santimita 91 a gefe da 86 a tsakiya, ta kuma sauko har kusa da ƙasa. Sannan layin gaba na badminton yana nesa da raga da mita 1.98, na kicin kuwa mita 2.13 ne, saboda haka sai a ja sabon layi da fenti mai wani launi, a bar na tsakiya ya raba sauran filin gida biyu. Daɓen ya zama sumul daidai ba tare da tsagewa ba, domin ƙwallon ba ta tashi a kan yashi ko ciyawa, kuma a share ƙura kafin wasa, musamman da hunturu, don kada yara su zame.

A nemi ƙwallon waje, mai ƙananan huji 40, wadda ta fi ta cikin ɗaki mai huji 26 jure iska, ko da yake iska mai ƙarfi tana karkatar da ita ita ma. A sayo da yawa, saboda tana fashewa. Allunan zamani na ƙwararru suna da tsada, amma da katako aka buga wasan kusan shekara ashirin kafin wani injiniyan kamfanin Boeing, Arlen Paranto, ya ƙera na farko mara nauyi a 1984, don haka kafinta zai iya yanka muku na falanki, muddin tsawonsa bai wuce inci 17 ba, kuma tsawo da faɗi a haɗe ba su wuce inci 24 ba. Wasan ba ya buƙatar gudu mai nisa ko cuɗanyar jiki, saboda haka ɗalibai za su iya yin sa cikin suturar da suka saba motsa jiki da ita, amma takalmi mai riƙe ƙasa wajibi ne.

Idan malamai da iyaye za su shiga, a ja musu kunne su ɗumama jiki tukuna, kuma kada su riƙa ja da baya da gudu suna bin ƙwallon da ta wuce kansu, domin ta haka ne aka fi faɗuwa a karya wuyan hannu. Masu nazari na bankin UBS sun ƙiyasta a 2023 cewa jinyar raunukan wasan a Amurka za ta ci tsakanin dala miliyan 250 zuwa 500 a shekarar, kuma akasarin masu raunin manya ne da suka haura sittin. A kuma tsara lokacin wasa bayan an tashi daga darasi idan filin yana kusa da azuzuwa, saboda ƙarar da muka ambata a sama.